Jinyar Nuhu a Briqueterie

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta ce, "To Talatu, ba mu labari, yaya ƙasar masu Faransanci?" Sai in ce lafiya lau, in ɗauko zancen ruwan sama da atamfofi har a tashi. Gaskiya ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, kuma abin da na gani ba ya faɗuwa a tsaitsaye. Na tambayi ƙanena Nuhu ko ya yarda in faɗa, tunda sirrinsa ne. Ya ce in faɗa, wataƙila akwai mai irin ciwonsa a gidan wata daga cikinku. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Nuhu shi ke bi na. Tela ne, ya daɗe da barin Gombe ya koma Yaoundé, unguwar Briqueterie, wadda 'yan can suke ce wa Brik. Can ya auri Fadimatu, Bafulatanar Ngaoundéré. Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci. Ita ta kira ni wata safiya ina shara.

"Adda, ki zo. Idon Nuhu ya koma kamar ƙwaiduwa, cikinsa ya kumbura, ƙafarsa ba ta shiga takalmi."

Na ce, "Shawara ce?"

Na sake tambaya. Can ta ce, "Ki dai zo."

Wannan amsar ita ta raka ni duk tsawon hanya. Kafin in tashi maƙwabciyata ta haɗa mini jiƙon shawara, saiwoyi da sassaƙe, ta cika mini 'yar jarka ta ce kofi ɗaya safe da yamma.

Na kwana a Yola gidan wata 'yar uwa, da safe na shiga motar bakin iyaka ta wajen Belel. Damina ce, hanya duk taɓo. Motar ta kafe, maza suka sauka suka tura, ta sake kafewa, mu ma mata aka ce mu sauka. Takalmina ɗaya can ya tsaya a cikin laka, da silifas ɗin aro na shiga ƙasar mutane. Wadda ta ara mini wata 'yar kasuwa ce mai suna Hajja Dudu, ta saba hanyar kamar tsakar gidanta.

A shingen Kamaru wani jandarma ya zazzage jakata. Ya ɗaga jarkar, ya buɗe ya sansana, ya faɗi wani abu da Faransanci, duk motar aka fashe da dariya. Ni kuwa ban san laifin da ake ɗora mini ba.

Hajja Dudu ta ce, "Wai yana tambaya ko arki kika ɗauko."

"Mene ne arki?"

"Barasa ce da ake dafawa a ƙauyuka."

Na ce, "A'uzu billahi! Ki gaya masa a zuriyarmu kaf babu mai shan giya."

Ya ce to in kurɓa ya gani. Na kurɓa. Ɗacin ya sa na yamutsa fuska har hawaye, shi ma ya yi dariya ya miƙo mini kayata.

A Garoua Hajja Dudu ta sauke ni gidan ƙanwarta. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri har yana kankare dasashi. Haka yara ke sayo shi tsirara a hammata, babu leda. Daga nan bas zuwa Ngaoundéré. Kusa da garin akwai wani hawa da hanya ke nannaɗe dutse, gefe guda rami. Na leƙa sau ɗaya na hango babbar mota kwance a ƙasa ƙafafu sama, ban sake leƙawa ba. Salati na yi ta yi har muka haye.

A Ngaoundéré muka rabu da Hajja Dudu, ta sa ni a jirgin ƙasa. Ban taɓa shiga ba. Da yamma yake tashi, ya kwana yana tafiya. Matar da ke fuskantata, wata ƙatuwa mai fara'a, ba ta jin Hausa ni ba na jin yarenta. Ta miƙo mini wani abu dogo naɗe da ganye an ɗaure da zare. Na gatsa har da ganyen. Ta riƙe ciki tana dariya, ta karɓa ta ɓare mini. Ashe rogo ne aka jiƙa aka kirɓa aka dafa, bobolo sunansa, yana da tsami-tsami da danƙo. Da gari ya waye na ga mun shiga daji mai duhu, itatuwa sun rufe sama. Ni da na saba hango nesa sai na ji kamar an kifa mini kwando. Duk tashar da muka tsaya mata na miƙo ayaba da zuma ta taga, amma na kasa cin komai. Ina ta kiran Fadimatu ba ta ɗauka.

Sai ga ta a tashar Yaoundé, ta rame. Ta rungume ni ta ce, "Ka zo lafiya, Adda?" Hausarta haka take, mace ma "ka" take ce mata in hankalinta ya tashi. Muka tsaya bakin titi. Tasi a can ba a tsayar da ita a yi ciniki. Tana rage gudu za ka faɗi unguwar da za ka, in direba ya yarda ya danna ham, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba. Da muka samu tasi na ga garin duk tudu da gangare ne, ƙasa ja wur, ga yayyafi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mashaya. Da hantsi, a bakin titi, maza da mata zaune da manyan kwalabe a gabansu, babu mai waiwayensu. Na ce wa Fadimatu, "Oh, su ko kunya babu?" Ta juya fuska ta kalli taga.

Muna shiga Brik sai na ji kamar an dawo da ni gida. Ga masallatai, ga hayaƙin tsire, wanda su suke ce wa soya, ga ƙarar kekunan ɗinki, ga shagunan atamfa da shadda, Hausa ta ko'ina. Sai dai in an zo lissafi ko faɗin lokaci sai ka ji an juya Faransanci. Muka bi wani lungu mai kwata a tsakiya har ɗakunansu biyu.

Ban gane Nuhu ba. Wuya ya zama siriri, ciki ya yi gaba kamar na mai wata tara, idanu rawaya. Ya yunƙura zai gaishe ni, na ga hannunsa yana karkarwa, rigarsa ta jiƙe da zufa alhali ni sanyi nake ji.

"Yaya, kin sha hanya. Zazzaɓi ne kawai, Fadimatu ce ta ɗaga miki hankali."

Na fito da jarkar. Fadimatu ta riƙe hannuna ta ja ni madafa, ta tura ƙyaure.

"Adda, giya ce. Shekaru ke nan."

Na ce, "Wa?"

"Nuhu. Ba ya sha a Brik, kowa ya san shi. Madagascar yake tafiya, unguwar da ke kusa da mu. Daga baya ya koma 'yan ledojin barasar nan masu ƙarfi, yana sa su a aljihu. In bai sha da safe ba, ba ya iya zura zare a allura." Ta share ido da bakin mayafi. "Ranar da na ce masa kin taso, ya kwashe duk ya zuba a masai. Ya ce ba zai bari ki ji warinta a bakinsa ba. Tun ranar bai runtsa ba."

Na zauna a kan turmi. Na ji kunya, na ji haushi, amma a raina na ce to alhamdulillahi, tunda ya daina ai an gama. Ban san cewa lokacin ne hatsarin ya fara ba.

Washegari da hantsi muna shan koko Nuhu ya ɗaga ƙafa ya fara kakkaɓe zani. Ya ce kyankyasai ne ke hawa jikinsa. Babu komai a wurin. Ya nuna bango ya ce wasu mutane na leƙowa, su wa suka bar su suka shigo? Ya kalle ni ya kira ni da sunan wata gwaggonmu da ta rasu tun muna yara. Kafin in yi magana jikinsa ya sandare, ya faɗi daga katifa yana jijjiga, haƙora sun datse, jini na fita ta gefen baki. Na kurma ihu. Na ɗauka iska ce, na ɗauka kuma mutuwa ce, na kama karanto duk abin da ya zo bakina.

Maƙwabta suka cika ɗakin. Wata ta ce a kawo hayaƙi, wani ya ce a kira malam. Sai ga Baba Garba, dattijon da Nuhu ke ɗinki a shagonsa, haifaffen Brik. Ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Ku kwantar da shi ta gefe. Hajiya, ci gaba da addu'arki, amma a cikin mota za ki ƙarasa. Na taɓa ganin irin wannan a jikin wani mahauci a unguwar Etoudi, aka tsaya hayaƙi, bai kai la'asar ba."

Ban san yadda muka isa asibiti ba. Abin da na tuna kan Nuhu a cinyata, tasi na hawa tudu da ƙyar, ga cunkoso, ni kuma ina sa yatsa a hancinsa ina jin ko yana numfashi.

Likitar mace ce, 'yar kudu, gajera mai tabarau. Wani nas ɗan Maroua, Malam Hamadu, shi ke mayar mana da maganarta Hausa. Ta danna cikin Nuhu, ta buɗe idonsa, ta yi tambaya.

Malam Hamadu ya ce, "Tana tambaya yaushe rabonsa da giya."

A gaban Baba Garba, a gaban mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ce ba ya sha, Fadimatu ta riga ni, ta faɗi gaskiya duka da Faransanci. Baba Garba ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Mun sani, Hajiya. Kunya ce ta hana mu magana."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce wanda jikinsa ya saba da giya shekara da shekaru, in ya yanke ta rana ɗaya ba tare da magani ba, ƙwaƙwalwa na rikicewa, kuma hakan na iya kashe shi. Ta ce dainawar daidai ce, amma a asibiti ake yin ta. Sannan ta faɗi abin da ya fi tsorata ni. Maganin da zai kwantar da jijjigar, hanta ce ke wanke irinsa daga jini, ta Nuhu kuwa ta yi tauri ta motse. In an ba shi kaɗan jijjiga ta dawo, in an ba shi da yawa ya yi barcin da ba lallai ya farka ba. Don haka za ta zaɓi wanda ba ya daɗewa a jiki, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tana dubawa.

Aka sa masa ƙarin ruwa da allurar bitamin. Ya daina fizge-fizge ya yi barci, barcin ya zama sabon abin tsoro. Nakan kira sunansa in girgiza kafaɗarsa, in ya buɗe ido sai in ji na dawo duniya. Suna ba shi wani ruwan magani mai zaƙi da ke sa shi zawo, na yi ƙorafi, Malam Hamadu ya ce da gangan ne, dattin da hanta ta kasa tacewa ake fitarwa don kada ya hau masa kai. Aka soka allura a gefen cikinsa aka zuƙe ruwa rawaya, roba bayan roba.

A asibitin can mai jinya shi ke yin komai. Kai za ka sayo magani a kanti, kai za ka kawo abinci. Matan jinya muna zama a baranda muna musayar kwano. Nan na ci ndole, miyar ganye mai ɗaci kamar shuwaka da gyaɗa a ciki. Nuhu kuwa an hana shi gishiri, ga shi ɗan unguwar tsire.

Gadon da ke kusa da nasa wani direba ne mai irin ciwonsa, mai barkwanci, yana kiran Nuhu "mon frère", wato ɗan'uwana. Matarsa ta ce wannan kwanciyarsa ta uku ke nan, duk sanda aka sallame shi sai ya koma sha. Wata rana da azahar yana cikin magana ya yi tari, sai jini. Ba ɗan kaɗan ba, kamar an yanka rago. Aka ja labule, nas-nas suna gudu. Kafin la'asar an naɗe katifarsa. Nuhu yana kallo, lokacin hankalinsa ya dawo. Ya kama hannuna, nasa sanyi ƙalau.

"Yaya, ina tsoro. Ba mutuwar kaɗai ba. Wallahi yanzu haka da na ga jinin nan, abin da raina ke so shi ne in sha."

Na damƙe hannun nasa da hannuwana biyu.

Da maganar ta bazu a Brik, wani abokin Nuhu ya zo dubiya ya ba ni wasu ƙwayoyi a asirce. Ya ce a kasuwar Mokolo ya samo, a riƙa marmasawa a abinci, duk ranar da mutum ya sha giya a kansu zai yi amai kamar ransa zai fita, daga nan ya tsane ta. Na ji daɗi sosai. Allah ya sa na fara nuna wa likita, na haɗa da jarkar jiƙona da ke ƙarƙashin gado. Tana karanta sunan ƙwayar ta cire tabarau.

Malam Hamadu ya ce, "Tana tambaya, kin ba shi? Ko ɗaya?"

Na rantse ban ba shi ba. Ta sauke numfashi. Ta ce maganin gaske ne, ana ba wasu, amma ga mai ciwon hanta yana iya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Jiƙon ma ta ce in zubar, don ba ta san abin da ke ciki ba, kuma hantar ba ta da ƙarfin gwaji. Ko maganin ciwon kai kada a saya masa sai ta gani. Ni kuwa na riga na yi niyyar sa masa a kunun yamma.

Sai ta zauna a bakin gadon, ta yi wa Nuhu magana shi da kansa. Ta ce akwai magungunan da ke rage ƙishirwar giya, sai dai ba kowanne hanta irin tasa ke ɗauka ba. Ta auna ƙodarsa ta ga da sauran ƙarfi, don haka za ta gwada masa wani mai suna baklofen, wanda yawancinsa ta ƙoda yake fita. Za a fara da ɗan kaɗan. In muka ga barci ya yi yawa, ko magana ta fara kaucewa, mu dawo da shi a ranar, kada mu jira. Kada ya ƙara da kansa, kada kuma ya yanke shi rana ɗaya. Ta ce maganin ba ya gyara hanta, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, dole ya riƙa zuwa suna zama suna magana. In ya bar giya, hantar na iya tsayawa inda take ta riƙe shi shekaru. In ya koma, ta kalli gadon direban, ba ta ƙarasa ba.

Bayan an sallame mu na zauna da su wasu makonni. Fadimatu ke riƙe da ƙwayoyin. Ni aikina kallo. In ya yi hamma gabana ya faɗi. In ya yi gyangyaɗi bayan azahar sai in tashe shi in ce ya faɗi sunana da na garinmu, har ya fara cewa, "Talatu, Gombe, ki bar ni in huta." Kumburin ƙafa ya sauka, ya fara zuwa shago yana zama kaɗan.

Wata Juma'a aka sauko masallaci bai dawo ba. Baba Garba ya ce bai gan shi a shago ba. Na dubi Fadimatu ta dube ni, muka ɗauki mayafi. Ita ta san wurin. Muka bi ta lunguna muka gangara Madagascar, ina ganin jinin direban nan a idona. Muna shan kwana ga mashayar, kiɗa na tashi. Na duba cikin masu sha ɗaya bayan ɗaya, ba ya ciki. Fadimatu ta taɓa ni. Yana tsallaken titi, zaune a kan benci gaban shagon mai faci, da dardumarsa a kafaɗa, yana kallon ƙofar.

Na zauna kusa da shi. Ban san lokacin da na matsa ina sansanar numfashinsa ba.

Ya ce, "Ban sha ba, Yaya. Ƙafata ce ta kawo ni, ban ma san na taho ba. Na zo nan na zauna."

"To me kake jira?"

"Ina jira in ji ko zan iya tashi." Ya goge fuska. "Da, in na zo nan, kamar ana jan ni da igiya ne. Yanzu ana kira na dai, amma daga nesa. Ina ji fa. Kada ki ɗauka ba na ji."

Muka zauna mu uku a bencin nan, masu wucewa na kallon mata biyu da lulluɓi a gaban mashaya. Can ya dafa gwiwa ya miƙe, muka hau tudu muka koma Brik a hankali, muna tsayawa yana hutawa. Washegari shi da kansa ya ce a raka shi wurin likita ya gaya mata.

Ranar da zan taho ya matsa sai ya raka ni tasha. Likita ba ta ce ya warke ba, kuma ba ta ce zai warke ba. Ni ma ba zan ce muku tsoron ya bar ni ba. Da aka fara kiran fasinja ya riƙe bakin mayafina kamar yadda yake yi yana yaro.

"Yaya, in kika ji na koma, kada ki yi fushi ki ƙi zuwa."

Na ce, "Zan zo. Amma ka ji ni da kyau, Nuhu. In ka koma, kada ka ɓoye, kada kuma ka zubar don kunyata. Ka tafi asibiti, can zan same ka."

Ya gyaɗa kai. Jirgi ya motsa, na leƙa ta taga. Yana tsaye, Fadimatu na riƙe da hannunsa, har muka sha kwana.